Me ya sa namun daji suka fi yawa a Gashaka, kuma za a iya kawo su Falgore?

Tambaya: Wani malamin firamare daga ƙaramar hukumar Doguwa ya rubuto cewa mahaifinsa tsohon maharbi ne, kuma yakan ba su labarin zamanin da ake cin karo da ɓauna da gwanki da sawun damisa a dajin Falgore, alhali yau mutum zai ratsa dajin a mota bai ga komai ba sai birai a bakin titi. Wani ɗan'uwansu mai fataucin shanu a tsaunin Mambila kuma ya dawo da labarin cewa a can akwai birin da ke kaɗa ganga, da tsuntsayen da ba a san su a ƙasar Kano ba. Yana so ya san ko gaskiya ne, da abin da ya sa suke can ba nan ba, da kuma abin da zai hana gwamnati ta ɗebo su ta sake a Falgore.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ɗan'uwan naku bai yi ƙarin gishiri ba. Wurin da ya ji labarinsa shi ne gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a kan iyakarmu da Kamaru, a arewacin tsaunin Mambila. Shi ne mafi girma a cikin gandayen da ke hannun gwamnatin tarayya, domin faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, wato ya ninka Falgore wajen sau shida. A 1991 aka kafa shi, bayan an haɗe tsofaffin gandaye biyu, na Gashaka a kudu da na Gumti a arewa, kuma hedikwatarsa tana Serti. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419, kuma babu tsaunin da ya kai shi tsawo a Nijeriya.

Tsawon nan shi ne tushen amsar tambayarka. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6, sannan iskar damina da ke tasowa daga teku idan ta ci karo da tsauni dole ta haura, ta yi sanyi, ta zubar da ruwan da ta ɗauko. Shi ya sa arewacin gandun yake samun ruwan sama kamar milimita 1,200 a shekara, amma wasu wurare a kudancinsa suna kusantar 3,000, yayin da kudancin Kano yake samun abin da bai wuce 1,000 da 'yan kai ba, shi ma a cikin wata biyar zuwa shida. Wanda ya taso daga kwarin Gumti ya nufi ƙololuwar Gangirwal zai fara ratsa daji mai ciyawa da doka da maje, irin wanda ka saba da shi, sannan kurmin bakin kogi, sannan kurmi mai duhu wanda rana ba ta kaiwa ƙasansa, sannan kurmin kan tsauni mai hazo wanda gansakuka ta lulluɓe rassansa, a ƙarshe ya fita fili mai gajeriyar ciyawa da sanyi mai ratsa ƙashi. Kamar gidan bene ne mai hawa biyar, kowane hawa da masu zama a cikinsa. Falgore hawa ɗaya ne da ɗan siririn kurmi a bakin rafuka, kuma duwatsun Riruwai, duk da tsawonsu, ba su kai su tare gajimare su riƙe danshi har cikin bazara ba.

Ɓangaren Gumti ba zai ba Baba mamaki ba, domin namun da ke cikinsa su ne waɗanda ya sani: ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gadu, jan biri, kirka, da dorina a manyan koguna. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa idan na zo batun ɗebo su.

Birin da ke kaɗa ganga yana nan, kuma sunan da ake kiransa da shi a Gashaka ke nan, biri mai ganga. Shi ne wanda masana ke kira cimfanzi. Baƙi ne, ba shi da wutsiya, kuma babban namiji yakan kai kilo 40 zuwa 60. Gangar tasa ba ta fata ba ce. Manyan itatuwan kurmi suna da saiwoyi masu faɗi, fale-fale, waɗanda ke tasowa sama da ƙasa su tokare kututturen, to namiji yakan taho a guje yana ihu, ya daddaki saiwar da tafin hannu da na ƙafa, sai ƙarar ta ratsa kurmi ta kai nisan kilomita guda ko fiye. Ba wasa yake yi ba. Garkensu yakan watse da rana zuwa ƙananan ƙungiyoyi masu neman 'ya'yan itace, kuma da wannan kiɗa ne wani yake sanar da saura inda yake. Iri huɗu ne na cimfanzi a Afirka, kuma wanda ke Gashaka ba a samunsa ko'ina sai Nijeriya da yammacin Kamaru, arewa da kogin Sanaga. Shi ne mafi ƙaranci a cikin huɗun, domin ƙiyasin da aka yi a 2011 ya nuna waɗanda suka rage ba su wuce 3,500 zuwa 9,000 ba, kuma Gashaka tana cikin manyan wuraren da suka rage masa.

Tun daga shekarar 2000, lokacin da Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya kafa sansanin bincike a Kwano, a tsakiyar kurmin, aka fara sanin rayuwar wannan biri dalla-dalla. Yana amfani da kayan aiki. Yakan karyo reshe, ya zage ganyen, ya tona ramin galla ko ya zura shi cikin kogon zuma ya lashe. Idan ya sami gidan ƙwarƙwasa, wadda ko mutum ba ya tsayawa kusa da ita, sai ya nemi doguwar sanda ya tsoma, ya jira su hau, ya zare su kai baki kafin su kai ga cizon hannunsa. Masu bincike sun fi ganin sandunan da ya yar a bakin ramin, da bakinsu a tattaune, fiye da yadda suke ganinsa shi kansa, domin yana da tsananin gudun mutum. Haka ma ƙidaya: kowace yamma yakan lanƙwasa rassa a saman itace ya yi shimfiɗar kwana, mafi yawan lokuta sabuwa kowane dare, to waɗannan shimfiɗu ake ƙirgawa a ƙiyasta yawansu. Abin da ya fi komai muhimmanci ga makomarsa shi ne jinkirin haihuwa. Mace ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara 13 ko 14, ɗa ɗaya take haifa, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa shekara biyar ne zuwa shida. Maharbin da ya kashe uwa ɗaya don ya sayar da jaririnta ya yi wa garken ɓarnar da ba za ta gyaru a cikin shekara goma ba.

Akwai wani biri a wannan kurmi wanda ni a ganina labarinsa ya fi na mai ganga ban mamaki. Ƙarami ne, baƙi, da farin ɗigo a kan hanci, mutanen yankin suna ce masa baƙin biri, kuma garkensa babban namiji ɗaya ne da mata da 'ya'ya. Manyan maƙiyansa biyu ne, damisa daga ƙasa da wata gaggafa mai tukku daga sama, wadda birai da ƙananan gada su ne abincinta, kuma takan tsaya shiru a reshe har sai biri ya fito fili sannan ta faɗo masa. Namijin yana da kuka iri biyu. Ɗaya mai kaifi ne, kamar ya ce "piyau", wanda yakan yi idan abin tsoro yana ƙasa, ɗayan kuma kamar tari ne, "hak", wanda ya fi yi idan ya ga gaggafa. Kate Arnold da Klaus Zuberbühler na Jami'ar St Andrews sun lura cewa wani lokaci yakan jera su, ya yi na farkon sau biyu ko uku sannan ya biyo da na biyun, kuma idan ya yi haka garken yakan tashi ya bar wurin ko da babu damisa babu gaggafa. Da suka naɗi muryar suka sake ta da lasifika, matan sun tattara sun yi gaba. Mujallar Nature ta buga wannan a 2006, kuma ya ja hankalin masana harshe, domin sauti biyu ne masu ma'ana daban-daban aka haɗa suka ba da ma'ana ta uku. A saman itatuwan kuma akwai biri mai roro, baƙi mai dogon farin gashi a kafaɗu da wutsiya, wanda ganye ne yawancin abincinsa, kuma tumbinsa a rarrabe yake don narkar da shi.

Bika, wato gwaggon biri, yana can kamar yadda yake nan, da halinsa na shiga gona. An kwatanta garken da ke satar masara kusa da ƙauyen Gashaka da wanda ke zaune a kurmin Kwano, sai aka ga matan garke mai shiga gona sun fi saurin sake haihuwa, saboda ƙoshi. Wani abin lura a nan shi ne cewa rashin cin naman biri da na alade a wurin Musulmi ya daɗe yana kare waɗannan dabbobi a yankin, kuma wannan dalilin ne ya sa birai da gadu suke saura a dazuzzukanmu bayan gwanki da kanki sun ƙare. Birai a bakin titin Falgore ba alamar lafiyar daji ba ce, su ne dai waɗanda tukunya ba ta nema.

Sauran namun kurmin ba kasafai ido ke ganinsu ba, sai kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin itace, masu ɗaukar hoto da kansu idan abu ya gifta. Akwai ƙaton baƙin aladen kurmi wanda namijinsa kan haura kilo 200, da jan alade mai tsinin kunne da farin layi a gadon baya, da wata babbar gada mai rawayan tabo a baya, da kyanwar kurmi mai ruwan zinariya, da damisa, da dabbar nan mai sulke da ke dunƙulewa idan ta ji tsoro, wadda masu fasaƙwauri ke nema saboda ɓawonta. A can sama, inda duwatsu suke tsirara, akwai gadar dutse mai tsayawa a kan tsinin kofato, da wani irin kwanta-rafi na kan tsauni wanda ba a samunsa sai a tsaunukan da ke tsakanin Nijeriya da Kamaru.

Tsuntsaye kuwa an rubuta fiye da iri 500 a wannan gandu kaɗai. Da yawansu ka san su, tun daga zabin daji da fakara har zuwa shaho da burtu. Waɗanda ɗan'uwanku bai taɓa gani ba su ne na kurmi da na kan tsauni, irin su wani babban tsuntsu shuɗi mai baƙin tukku, ɗan'uwan kulkulu, wanda tsawonsa ya kai santimita 70 kuma yakan yi gudu a kan reshe fiye da yadda yake tashi. Na kan tsaunin su ne masana suka fi damuwa da su. A zamanin da mai nisa, sanyi da danshi sun sha sauyawa a Afirka, kurmin tsauni ya bazu a wani lokaci, ya tsuke a wani, har ya rage a kan ƙololuwa da cikin kwazazzabai, kowane yanki a ware da ɗan'uwansa. Tsuntsayen da suka maƙale a waɗannan wurare sun daɗe a keɓe har suka zama irin kansu. Misali shi ne wani tsuntsu mai saƙa sheƙa, rawaya mai baƙar fuska, wanda aka sa wa sunan masanin tsuntsaye Bannerman: a duk duniya ba a samunsa sai a bakin kurmin tsaunukan gabashin Nijeriya, irin su Mambila da Obudu, da na yammacin Kamaru. Idan aka sare wannan kurmi, babu wani wurin da zai koma.

Dangantakar tsuntsu da kurmi ta wuce ta masauki. A Ngel Nyaki, wani ɗan kurmi kusa da ƙauyen Yelwa a kan Mambila mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 7, Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ɗalibanta, cikinsu har da 'yan Nijeriya da yawa, sun shafe shekaru suna bin diddigin wanda ke ɗaukar irin kowane itace. Itatuwa masu manyan ƙwallaye sun dogara ne ga masu babban maƙogwaro, wato biri mai ganga da baƙin biri da manyan tsuntsaye, waɗanda ke haɗiye 'ya'yan su kasayar da ƙwallon nesa da uwar. Ƙwallon da ya faɗi a gindin uwarsa yawanci ƙwari da ɓeraye ne ke cinye shi. Kurmin da aka harbe namunsa zai ci gaba da tsayuwa shekaru da yawa kamar lafiya lau, amma babu ƙananan da za su gaji manyan. Su kuma tsuntsayen suna buƙatar tsofaffin itatuwa, kuma wannan kana iya ganinsa a bayan makarantarku idan ka lura da cilakowa da damina. Macen takan shiga kogon itace, a toshe ƙofar da laka da kashinta har sai ɗan tsagi ya rage, ta zauna a ciki ta yi ƙwai ta zubar da gashinta, namijin yana miƙo mata fara da 'ya'yan itace ta tsagin har 'ya'yan su ɗan tasa. Manyan 'yan'uwanta na kurmi haka suke yi, sai dai kogon da zai ɗauke su ba ya samuwa sai a itacen da ya daɗe ƙwarai, irin wanda mai injin yanka katako yake fara nufa.

Kada ka ɗauka Gashaka ta tsira. Annobar shanu ta bushiya da ta ɓarke a 1983 ta kashe ɓauna masu yawa tare da shanun. Makiyaya suna zaune a wasu keɓaɓɓun wurare da doka ta amince musu a kan tsaunukan, kuma wutar da ake sa wa ciyawa duk rani don sabon tsiro tana cin bakin kurmi kaɗan-kaɗan. Saran madobiya, wadda 'yan katako a Taraba ke kira Madrid ana kai ta ƙasar Sin, ya yi wa dazuzzukan jihar mummunar illa kafin a sanya itacen cikin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari, a 2016. Zaki ma babu shi: binciken da aka wallafa a 2014 kan zakunan Afirka ta Yamma bai same su a Nijeriya ba sai a Yankari da Kainji. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors take tafiyar da gandun tare da hukumar gandayen daji ta ƙasa, ana ɗaukar 'yan yankin aikin gadi. Amma gaskiyar magana, abin da ya fi kare kudancin gandun tun da can shi ne wahalar shiga, domin akwai wuraren da sai an yi kwanaki a ƙafa, kuma da damina koguna kan rufe hanya.

Batun ɗebo su a kawo Falgore sai an raba shi biyu. Namun kurmi da na tsauni ba za su rayu a nan ba, ko nawa aka kashe. Biri mai ganga da baƙin biri suna buƙatar itatuwan da ke ba da 'ya'ya bi da bi duk shekara, mu kuwa muna da wata shida zuwa bakwai na rani wanda yawancin itatuwa ke kaɗe ganye. Sakinsu a Falgore kashe su ne a hankali, kuma doka ma ta hana kama biri mai ganga ko sayar da shi. Amma namun ɓangaren Gumti, gwanki da kanki da gwambaza da ɓauna, ƙasarsu ce, ciyawar da ruwan duk irin nasu ne. An taɓa yin makamancin haka a maƙwabta: a 2006 an kawo dabbobi daga Namibiya, har da raƙuman dawa da jakunan dawa, aka sa su a Sumu cikin Jihar Bauchi, amma a cikin shinge da masu gadi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin farfaɗo da daji ba, ya fi kusa da gidan namun daji mai faɗi.

Abin da ya kamata a tambaya kafin a yi maganar mota da kuɗin jigila shi ne ko abin da ya ƙarar da su a farko ya gushe. Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan dajin Kogin Kano, ya rasa namunsa ne ta hanyoyi da dama a lokaci guda. Babban titin Kano zuwa Jos ya ratsa shi, ya sauƙaƙa wa mai bindiga da mai gawayi shiga. Gonaki sun cinye dajin da ke tsakaninsa da maƙwabtansa irin su Lame-Burra ta Bauchi, inda dabbobi kan bi su dawo idan sun yi ƙaranci a wuri ɗaya. Da rani shanu sukan mamaye 'yan wuraren da ruwa ya rage, kuma gwanki dabba ce da ba ta jure cunkoso a mashaya, ga shi ba ta iya nisa da ruwa. Tarkon waya kuma ba ya zaɓe, mai ciki da ɗan maraƙi duk ɗaya ne a wurinsa. Ɓauna tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya ta haifi ɗa ɗaya, saboda haka ko kaɗan aka riƙa cirewa duk shekara fiye da abin da ake haifa, garken zai ƙare ba tare da kowa ya ga ranar da ya ƙare ba. Damisa kuma takan bi abincinta, idan mazo da gada suka yi ƙaranci sai ta koma kan awaki, daga nan sai guba. Idan waɗannan suna nan, duk abin da aka sauke daga mota zai bi sawun na farko.

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga darajar gandaye goma zuwa na ƙasa, cikinsu har da Falgore da dausayin Baturiya na Jigawa, inda agwagin ruwa da sauran tsuntsaye ke sauka daga Turai duk hunturu. Ko an yi hakan ko ba a yi ba, aikin da ya fi gaggawa a Falgore shi ne kare siraran kurmin bakin rafukan da ke shayar da Kogin Kano, domin nan ne mazo da makurna da yawancin tsuntsaye ke fakewa da bazara, kuma ruwan da ke cika madatsar Tiga ta nan yake bi. Akwai kuma abin da kai kanka za ka iya, wanda masu bincike ke matuƙar buƙata: ka zauna da Baba da tsararrakinsa, ka rubuta kowace dabba, da rafin ko dutsen da suka saba ganinta, da shekarar da suka yi mata ganin ƙarshe, ko da da zamanin wani hakimi ko wata yunwa za su auna. Ka haɗa da tsuntsaye huɗu, wato ungulu da gauraka da tuje da burtu, domin su ne suka fi saurin nuna halin da daji yake ciki. Ungulun da muka saba gani a mahauta an sanya ta cikin jerin waɗanda suke gab da ƙarewa tun 2015, saboda guba da cinikin sassan jikinta, shi kuma burtu sai babban itace mai kogo yake sheƙa, kuma yawanci ɗa ɗaya ne ke rayuwa a cikin ƙwan da aka ƙyanƙyashe.